Ɗan Barau Ba Ya Bin Taro

Shafi na 27

Masu cewa na bar ku a rataye tun ranar Talata, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa bahon wanki. Ku kuma masu zagin Malam Elias a ƙarƙashin shafin baya, ku adana sauran zagin tukuna, ku karanta wannan.

*

"Tabitha, ki kashe wutar nan."

Ba ta ko juyo ba. Ta ɗauka hayaƙi ne ya dami mijinta, Malam Elias. Tun sassafe ita da matan zumunta na cocinsu suke kan murhu a bayan gida, ga shinkafa, ga miyar taushe, ga kaji ana soyawa. Yau ce ranar da dangin Oluwaseyi za su taso daga Sabon Gari su zo Samaru neman auren Rejoice, 'yar Elias da Tabitha.

"Na ce ki kashe wutar. Babu wanda zai ci abincin nan. Auren nan ban yarda da shi ba."

Ludayi ya tsaya a hannun Tabitha. Matan zumunta suka kalli juna, suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta ce za ta duba ruwa, waccan ta ce ana kiranta a waya.

Tabitha ta goge hannunta a zani, ta zo ta tsaya a gaban mijinta.

"Baban Rejoice, maimaita in ji."

"Kin ji ni."

"Auren da ka tsaya wa kai kaɗai? Auren da ka daina gaisawa da yayanka saboda shi?"

"Na sake tunani."

"Yaushe?"

Ya san yaushe, ita ma ta sani.

Duk wanda ya san Malam Elias, daga makarantar da ya koyar har ya yi ritaya zuwa cocinsu, da suna ɗaya ya san shi: Malam Ban-Yarda-Ba. In aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, nasa na kan gwiwa. In kowa ya sauke, nasa zai tashi. Bai taɓa jin haushin sunan ba. In yara suka faɗa a bayansa, har gyara tafiya yake yi.

Da Rejoice ta kawo Oluwaseyi gida, dangi suka yi ca. Yayansa Nehemiah, wanda dattijo ne a coci, ya ce muddin yana numfashi 'yar gidansu ba za ta auri Bayarabe ba. Elias ya miƙe a tsakiyar taron ya ce shi ya ba shi. A watannin nan na rigima ya yi ƙiba, ya ci abinci da daɗi, ya yi barci har da munshari.

To jiya da yamma sai ga Nehemiah ya shigo da sauran dangi. A gaban kowa ya kama hannun ƙanensa da hannu biyu, idonsa da ƙwalla.

"Elias, kai ne ka ga gaskiya, mu muka makance. Yaron nan ɗan kirki ne. Duk mun dawo bayanka."

Aka yi tafi. Wata ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa Elias sai ya ji sanyi ya shiga tafin ƙafarsa, yana hawa a hankali har ƙirji. Ya duba fuskokin da suka kewaye shi, kowa na murmushi, babu ko mutum ɗaya da zai juya wa baya. Ya ji kamar an zare masa ƙashin baya. A lokacin ne kuma ya fara jin warin. Warin taba gari da tsamin burkutu, irin na rigar mahaifinsa Barau, wanda ya daɗe a ƙasa tun Elias na saurayi.

"Baba."

Rejoice ce a bakin ƙofar kicin. Ba ta gama kitso ba, rabin gashinta a tsefe, ga lalle bai bushe a hannunta ba.

"Me Seyi ya yi?"

"Ban ce ya yi wani abu ba."

"Ka ji wani labari a kansa?"

"A'a."

"Ya sha giya? Ya yi sata? Yana da wata mata a ɓoye? Faɗa min, wallahi in akwai ni da kaina zan kira shi in ce kada su zo."

"Al'adarmu ba ɗaya ba ce."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Wannan ai maganar Baba Nehemiah ce. Kai ka ce masa a Sabon Gari aka haifi Seyi, aka haifi ubansa, Hausarsu ta fi tasa. A gabana ka faɗa."

"Rejoice, koma ciki," in ji Tabitha.

"Mama, bar ni." Ta matso kusa da shi. Muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da ka miƙe a taron nan, na shiga ɗaki na yi ta kuka. Na ce duk duniya babu mai uba irin nawa. Na kira Seyi na ce masa babana ya tsaya min. Ashe ba ni ka tsaya wa ba."

"Ki iya bakinki."

"Ba ka ma gan ni ba, Baba. Su ka gani. Sun ce a'a, ka ce i. Da sun ce i tun farko, da tuni ka kori Seyi da sanda."

"Ni ɗan Barau ne!" Muryarsa ta tashi har kajin maƙwabta suka watse. "Ubana shi kaɗai ya rage a ƙauyenmu bai shiga coci ba. Gari guda a gefe, shi a gefe, har ya mutu bai sunkuya ba. Mu ba ma bin taro kamar tumaki!"

"To ni tunkiya ce ko 'yarka?"

Ya zura takalmansa, ya fice da tsohuwar rigar da ya kwana da ita.

Tabitha ta bi shi har ƙofar gida.

"Ina za ka?"

"Sabon Gari. Zan gaya wa uban yaron, Ayodele, da bakina kada su wahalar da kansu."

*

A bakin kasuwar Samaru ya tari keke mai ƙafa uku. Ɗalibai biyu na gefensa suna ta surutu kan jarrabawa, rabi Hausa rabi Turanci. Suka wuce Hanwa, suka wuce Kwangila, iska na dukan fuskarsa, amma warin bai bar shi ba.

Ya sunkuya wajen mai keken.

"Kana shan taba gari ne?"

"Ni? Baba, ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba."

Ya koma ya jingina. Yana rufe ido sai ya ga abin da ya saba gani. Safiyar Lahadi a ƙauyensu can bayan Giwa, ana buga ƙarfen coci, gari duka na tafiya cikin wankakkun kaya. Barau na zaune gindin tsamiya shi kaɗai, ƙoƙon burkutu a gabansa, ba riga, tabon bulala a bayansa kamar kunyoyin gona. Elias na ƙarami, uwarsa na jan hannunsa zuwa sujada, shi kuwa yana waiwaye. A ransa yake cewa wannan ne namiji.

Ya sauka kusa da layin dogo ya taka zuwa layin su Baba Ayodele, mahaifin Oluwaseyi. Tun daga nesa ya hango mata cikin anko ruwan goro, manyan ɗankwalaye a kai, suna loda doya da kwanduna a mota suna dariya. Baba Ayodele da kansa na tsaye da babbar riga yana nuna inda za a sa kaya.

Ƙafafun Elias suka ƙi shiga layin. Suka wuce da shi gaba, har gidan Nehemiah, har ɗan ɗakin baya inda Goggo Doguwa take zaune.

Ita ce ƙanwar Barau, ita kaɗai ta rage a tsararsu. Idonta ya tafi, ƙafa ma ta ƙi, shi ya sa aka bar ta a gida su Nehemiah suka wuce Samaru. Tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube.

Bai yi sallama ba ta ɗago kai.

"Iliya ne?"

Ita kaɗai ke kiransa haka, sunansa na yanka da boko ya mayar Elias.

"Ni ne, Goggo. Ya aka yi kika gane?"

Ta ja hanci.

"Warin Yaya na ji ya shigo. Na san shi dai ba zai dawo ba."

Ya zauna a bakin tabarmar ba tare da ya shirya zama ba.

"Yau ba ranar baƙin Rejoice ba ce? Me kake yi a nan?"

"Na fasa ba su."

"Saboda me?"

Ya kau da kai.

"Nehemiah ya ce min jiya sun je sun ba ka gaskiya." Ta ajiye gyaɗar. "Tun da ya faɗa ban runtsa ba. Na ce yau ɗan Barau zai zo, ko ya yi ɓarna."

"Goggo, ni halin ubana na ɗauka. Shi ma bai bi kowa ba. Ya riƙe abin kakanninsa, 'yan coci suka yi masa duka, bai saki ba."

"Wa ya ce maka 'yan coci suka dake shi?"

"Na ga tabon da idona."

"Tabo ka gani. Ka ga mai bulalar?"

Ta gyara zama, ta juya makafin idanunta wajen ƙofa kamar mai duba ko akwai mai saurare.

"Ya sa na yi rantsuwa ba zan faɗa ba. Amma na kusa zuwa inda yake, in ya so ma yi faɗan a can. Iliya, ubanka shi ne Kirista na farko a garinmu."

"Goggo!"

"Zauna. Lokacin duk gari Maguzawa ne, kowane gida da tsafinsa, ana yanka baƙin bunsuru ana zuba giya. Yaya ya zo Zariya cin rani, ya dawo da mai bishara a bayansa. A rafi aka yi masa baftisma, gari duka na kan tudu ana jifansa. Dattawa suka ɗaure shi a jikin tsamiyar nan, suka zane shi har ya suma. Ni na yi ta gasa masa baya da ruwan zafi. Yana kwance rub da ciki yana waƙar coci, yana dariya. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na lokacin ba."

Elias ya matso kusa da ita.

"To ya aka yi..."

"Aka yi shekarar ƙyanda. Yara suka yi ta mutuwa, tsafi bai hana ba. Mai bisharar nan ya kawo masu allura. Daga nan gida-gida aka fara shiga coci. Babanmu ya shiga, sarkin noma ya shiga, har waɗanda suka riƙe bulalar. Ranar da aka gama ginin coci suka ɗauko Yaya suka zaunar da shi a gaba, suka ce Barau, kai ka fara ganin haske, kai ne ubanmu."

Ta murza ɓawon gyaɗa a yatsunta.

"Ina kallonsa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ana tsakiyar addu'a ya tashi ya fita. Ya je juji ya tono kayan tsafin da babanmu ya zubar, ya wanke su, ya kai gindin tsamiya. Bai ƙara taka coci ba."

"Ƙarya ne," in ji Elias, amma muryarsa ba ta fita sosai ba. "Da haka ne da na ji a gari."

"A bakin wa? Waɗanda suka dake shi su suka zama dattawan coci. Wa zai tona? Shi kuma ya fi son a ce bai taɓa sunkuyawa ba." Ta lalubo gwiwarsa ta dafa. "Ka san sunan da mai bishara ya sa masa a rafi? Iliya. Da ya yar da sunan, aka haife ka, uwarka ta tsince shi ta sa maka. Shi ya sa bai taɓa kiranka da shi ba. Kai yaro, kai yaro, har ka girma. Ka tuna?"

Ya tuna. Ya daɗe yana ɗauka taurin maza ne.

"An ce min ya mutu yana korar fasto."

"Kana makarantar horon malamai, ba ka nan. Ni ke ɗakin. Da ciwo ya yi tsanani, gari suka taru a ƙofar gida. Fasto ya aiko ni in gaya masa kada ya damu, ba wanda zai tilasta masa. Yadda yake so a binne shi, haka za a yi, da giyarsa da bunsurunsa, su da kansu za su yi masa. Na shiga na faɗa masa, ina murna, na ɗauka zai ji daɗi."

"Me ya ce?"

"Ya ce, Doguwa, ba mai ja da ni? Na ce babu, Yaya, kowa ya yarda. Sai ya kama hannuna, ya ƙura wa rufin ɗaki ido. Ya ce, to ni wane ne ke nan?"

Can waje wata mai talla na kiran lemu, wani na yi mata ciniki da Turancin kasuwa.

"Ya yi ta maimaitawa. To ni wane ne ke nan. Daga baya ya ce in rera masa waƙar nan da ya zo da ita daga Zariya, amma a hankali, kada na waje su ji. Ina rerawa a kunnensa ya cika. Mutane cike da ƙofar gida suna son su shigo su riƙe hannunsa, ya hana. Ni kaɗai, ni ma don ba ya iya korata ne."

Ta share idonta da gefen zani.

"Ba Allah ya ƙi ba, Iliya, ba kuma tsafi ya so ba. Inda babu kowa yake nema ya tsaya, don a can kaɗai yake jin shi mutum ne. Ka tashi ka tafi gida. Yarinyar nan ba ta yi maka komai ba."

*

Bai san yadda ya koma Samaru ba. A cikin keke yana ta gwada kalmar a bakinsa, a hankali, kamar mai koyon sabon yare.

"Na yarda. Na yarda."

Matar da ke gefensa ta matsa.

Tabitha ba ta kashe wutar ba. Da ya iso, rumfa ta cika, motocin Sabon Gari sun jeru har bakin kwata. Dangin ango a dama cikin ankonsu, nasa dangin a hagu. Tabitha ta tare shi a zaure, ba ta tambaye shi komai ba, ta zura masa babbar riga a kan tsohuwar, ta ɗora masa hula.

Aka zaunar da shi a gaba, a kujera mai hannu.

Baba Ayodele ya miƙe ya yi gaisuwa da Hausa tsantsa, ya ce sun ga fure a gidan Malam sun zo roƙo. Oluwaseyi da abokansa suka fito suka kwanta rub da ciki a ƙasa kamar yadda ake yi a wajensu, goshinsa kusa da takalmin Elias. Aka fito da Rejoice a lulluɓe, aka tsayar da ita kusa da uwarta.

Nehemiah ya karɓi magana, fuskarsa fal murna.

"Mu dai dangin Barau, babba da yaro, mace da namiji, bakinmu ɗaya. Mun yarda. Kuma wanda ya fara nuna mana hanya ga shi nan zaune. Ƙanena, kai ne uba. Bakinka muke jira."

Kowa ya juyo. Fuskoki sun fi a ƙirga, duk suna murmushi, duk suna gefensa.

Sanyin nan ya sake kama ƙafarsa. Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ya dubi yaron da ke kwance a gabansa, ƙeyarsa na zufa. Ya buɗe baki. Kalmar na nan a kan harshensa, ya kawo ta tun daga Sabon Gari, amma ta yi nauyi kamar dutsen niƙa. A ƙarƙashinta kuma ɗayar, ban yarda ba, na turowa, wadda ya saba da ita, mai sauƙi, mai daɗi.

"Ni..." ya ce. "Ni dai..."

"Na fasa."

Ba daga bakinsa ta fito ba.

Rejoice ta yaye lulluɓinta. Idonta a bushe, babu alamar kuka, babu alamar wasa.

"Ni Rejoice, ban yarda da auren nan ba."

Wata daga dangin ango ta saki ihu ta dafe ƙirji. Tabitha ta riƙo hannun 'yarta, Rejoice ta fizge. Oluwaseyi ya ɗago kansa daga ƙasa, ƙura a goshinsa.

"Rejoice... me kike cewa?"

Ba ta ko kalle shi ba.

Elias ya ƙura mata ido yana neman alama. Dabara ce ta yi masa, don ta san in ta ce a'a bakinsa zai ce i? Ko kuwa abin nan ne da ya ci Barau, ya ci shi, yau ya sami sabon jiki? Ya duba fuskar da ya sani tun ranar da aka haife ta, ya kasa karantawa.

Abin da ya fi ba shi tsoro, sanyin ya tafi. Jini ya dawo ƙafafunsa, ƙirjinsa ya buɗe, ya ji ƙarfi irin wanda bai ji ba tun jiya. An sami mai ja.

Rejoice ta tako har gabansa, ta tsallake hannun Oluwaseyi da ke ƙasa. Ta yi magana a hankali, amma har na bayan rumfa sun ji.

"Kowa ya ce i, Baba. Ni kaɗai na ce a'a."

Ta ɗaga kai ta dube shi cikin ido.

"Yanzu kai da wa za ka ja?"